Rijiya Ɗaya A Hamada: Saɓanin 'Yan Libatariyan Kan Ma'anar 'Yanci

Gabatarwa

Hausawa kan ce ko tsakanin harshe da haƙori akan saɓa. In ana neman inda wannan magana ta tabbata a fagen ilmin siyasa, sai a dubi wasu mutane da ake kira 'yan Libatariyan, waɗanda suka fi yawa a ƙasar Amurka. Su dai waɗannan mutane sun haɗu a kan magana guda, watau babu abin da ya kai 'yancin mutum daraja a zaman jama'a, kuma babu abin da ya fi yi wa wannan 'yanci barazana irin hukuma. Mai hange daga nesa sai ya zaci bakinsu ɗaya. Amma da zarar an tambaye su mene ne shi 'yancin, sai taro ya watse, kowa ya kama gabansa.

Wannan maƙala za ta auna saɓanin nasu da tambayoyi uku. Ta farko, shin mutum yana da 'yancin sayar da kansa ya zama bawa? Ta biyu, in rijiya ɗaya ce ta rage a hamada, mai ita yana da ikon hana ruwa? Ta uku, mai kanti yana da ikon korar mai ciniki saboda launin fatarsa? Kada mai karatu ya ɗauka wannan gardamar malamai ce kurum wadda ba ta wuce zauren jami'a. A shekarar 2023 mutanen Ajantina sun zaɓi Javier Milei ya zama shugaban ƙasarsu, mutumin da ya bayyana a fili cewa shi mabiyin wannan aƙida ne. Aƙidar da ta kai ga riƙe ƙasa kuwa ta cancanci a san cikinta.

Asalin Sunan Da Rassan Aƙidar

Sunan kansa yana da tarihi mai ban mamaki. Wanda aka sani da fara amfani da shi a fagen siyasa wani Bafaranshe ne, Joseph Déjacque, a shekarar 1857, shi kuwa ɗan gurguzu ne mai ƙin hukuma da ƙin mallakar dukiya baki ɗaya. Bayan kimanin shekara ɗari sai sunan ya koma hannun wasu Amurkawa waɗanda mallakar dukiya ita ce ginshiƙin aƙidarsu. A watan Disamba na 1971 suka kafa jam'iyyarsu a jihar Kolorado.

Ana iya kasa manyan malamansu gida uku. Gida na farko shi ne na Murray Rothbard, wanda ya rayu daga 1926 zuwa 1995. A ganinsa kowane mutum shi ne mamallakin kansa da abin da ya samu ta hanyar guminsa ko ciniki ko kyauta, kuma laifi ɗaya ne tak doka za ta hana, watau a far wa mutum ko dukiyarsa da ƙarfi ko da zamba. Saboda haka haraji a wurinsa sata ce, hukuma kuwa ba a bukatarta ko kaɗan, har 'yan sanda da kotuna ma kamfanoni sa iya gudanar da su.

Gida na biyu shi ne na Shaihin Malami Robert Nozick na Jami'ar Harvard, wanda littafinsa Anarchy, State, and Utopia ya fito a 1974. Shi ma ya yarda da mallakar kai, amma ya ce akwai 'yar ƙaramar hukumar da ta halatta, wadda aikinta bai wuce na mai gadi ba: ta tsare rai da dukiya, ta hana zamba, ta sa a cika yarjejeniya. Duk abin da ya wuce wannan, kamar karɓar dukiyar wani a ba wani, zalunci ne.

Gida na uku shi ne na Friedrich Hayek, haifaffen birnin Biyana, da Milton Friedman na Jami'ar Chicago. Hayek dai shi kansa bai cika son sunan Libatariyan ba, amma an saba lissafa shi cikinsu. Su waɗannan sun fi dogara da amfanin da 'yanci ke jawo wa jama'a, kuma sun bar wa hukuma fili mai ɗan faɗi. Hayek ya yarda hukuma ta tabbatar wa kowa da ɗan abin da zai rufa asiri, Friedman kuma a 1962 ya kawo shawarar a riƙa ba wanda samunsa bai kai wani mizani ba ɗan tallafin kuɗi ta hanyar ofishin haraji. A idon Rothbard wannan duk sassauci ne ga ɓarawo.

Tambaya Ta Farko: Sayar Da Kai

Tun kafin a san da sunan Libatariyan, kakannin aƙidar sun taɓo wannan mas'ala. John Locke, a ƙarshen ƙarni na 17, ya ce mutum ba shi da ikon bautar da kansa, domin ransa ba nasa ba ne, na Mahaliccinsa ne, kuma mutum ba ya ba da abin da bai mallaka ba. Abin takaici, shi wannan Locke yana da hannun jari a kamfanin Ingila mai fataucin bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma. John Stuart Mill kuma, a littafinsa na 1859 kan 'yanci, ya bi ta wata hanya ya iso masauki ɗaya. Ya ce dalilin da ya sa ake barin mutum ya yi abin da ya ga dama da rayuwarsa shi ne don a kiyaye masa 'yancinsa, wanda ya sayar da kansa kuwa ya yi amfani da 'yancin sau ɗaya ya kashe shi har abada, don haka irin wannan ciniki ɓatacce ne. Da ma an ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ko ya yi dubu ba zai fito ba.

Da aka zo kan Nozick sai ya saɓa musu. Ya tambayi kansa ko tsarin da yake kira mai 'yanci zai bar mutum ya sayar da kansa, ya kuma amsa cewa a ganinsa zai bari. Hujjarsa a fili take: in har mutum ya mallaki kansa kamar yadda ya mallaki gonarsa, to, mallakar da ba ta ba da ikon sayarwa ragaggiya ce. Walter Block, ɗaya daga cikin almajiran Rothbard, ya ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi da misalin uba wanda ɗansa ke fama da cutar da maganinta ya fi ƙarfin aljihunsa. In wani attajiri ya yarda ya biya, bisa sharaɗin uban ya zama bawansa, wa ke da ikon hana wannan uba ceton ɗansa?

Shi kuwa Rothbard, wanda ya fi kowa tsanani a wasu wurare, a nan ya ja da baya. A littafinsa The Ethics of Liberty na 1982 ya ce mutum yana iya sayar da aikinsa, amma ba ya iya raba kansa da nufin zuciyarsa, domin ko ya so ko bai so ba shi ke sarrafa jikinsa da tunaninsa. Saboda haka ranar da wanda ya yi alkawarin bauta ya sake shawara, babu mai ikon kama shi, iyaka dai ya mayar da kuɗin da ya karɓa. Ga malami da almajiri, tushensu ɗaya, watau mallakar kai, amma ɗaya ya fito da haramci, ɗaya ya fito da halacci. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kalmar mallakar kai ba ta yanke hukunci da kanta, sai an sa mata hannu.

Tambaya Ta Biyu: Rijiya A Hamada

Hayek ne ya kawo wannan misali a littafinsa The Constitution of Liberty na 1960. A ɗauka wasu mutane sun zauna a wani dausayi cikin hamada bisa zaton ruwa zai wadata, sai duk idanun ruwa suka ƙafe, ya rage na mutum ɗaya. Yanzu mai wannan ruwa yana iya cewa ba mai sha sai ya yi masa duk abin da ya bukata. Bai ɗaga wa kowa sanda ba, bai shiga gonar kowa ba, nasa kawai ya hana. Hayek ya ce duk da haka wannan tilastawa ce tsantsa, domin an mayar da mutane kayan aikin wani, ba su da zaɓi sai tsakanin biyayya da mutuwa. Maganin da ya bayar shi ne a sa mai irin wannan iko ya yi wa kowa kuɗi ɗaya, kada ya zaɓi wanda zai sayar wa.

Nozick ma, duk da tsananinsa a kan dukiya, ya yarda cewa a nan haƙƙin mai rijiya ya sami iyaka. Ya dogara ne da wani sharaɗi na Locke, cewa mutum yana iya kama wani yanki na ƙasa ya zama nasa muddin ya bar wa sauran jama'a isasshe mai kyau kamar wanda ya ɗauka. In ruwan kowa ya ƙafe sai na mutum ɗaya, sharaɗin ya motsa, mai rijiya ba shi da ikon tsuga kuɗin da ya ga dama.

Rothbard bai yarda da ko ɗaya ba. A wurinsa mai rijiya bai ƙafar da ruwan kowa ba, saboda haka bai zalunci kowa ba. Yana iya zama marowaci, jama'a su zage shi, su ƙaurace masa, amma doka ba ta da hurumin taɓa shi. Ya kuma yi wa Hayek tambayar da ba ta da sauƙin amsa: in aka ce hana abin da rai ya dogara da shi tilastawa ce, ina za a tsaya? Likita ɗaya a gari lokacin annoba fa, a tilasta masa aiki? Manomin da ya ɓoye hatsinsa lokacin fari fa? Wa zai faɗi abin da ya zama larura da abin da bai zama ba, in ba ita hukumar da ake gudu ba? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a ganin Rothbard, Hayek ya tsaga bangon da hannunsa.

Sai dai wannan tafarki ya kai Rothbard wani wuri mai ban tsoro. A cikin littafin nan nasa na 1982 ya bi hujjarsa har ƙarshe, ya ce doka ba ta da ikon tilasta wa iyaye su ciyar da jaririnsu, domin ƙin ciyarwa ba farmaki ba ne, ko da yake ya bambanta abin da doka za ta hukunta da abin da ɗabi'a ta gari ke ƙyama. Da yawa daga cikin mabiyansa sun kasa haɗiye wannan. In hujja ta kai mai ita ga irin wannan masauki, akwai alamar an yi ɓatan kai tun daga mararraba.

Tambaya Ta Uku: Mai Kanti Da Baƙar Fata

Tambayoyi biyun farko misalai ne na zaure. Ta uku kuwa ta faru a zahiri. Ran 1 ga Fabrairu 1960 wasu ɗalibai huɗu baƙar fata suka shiga kantin Woolworth a garin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa, suka zauna a teburin abincin da aka keɓe wa farar fata, aka ƙi sayar musu, su kuma suka ƙi tashi. Irin wannan zaman dirshan ya bazu a kudancin Amurka, har a 1964 aka kafa dokar haƙƙin 'yan ƙasa wadda ta haramta wariya a otal-otal da gidajen abinci da wajen ɗaukar ma'aikata.

Dukkan 'yan Libatariyan sun yarda cewa dokokin jihohin kudu masu tilasta wariya zalunci ne, kuma soke su wajibi ne. Inda suka rabu shi ne kan kantin da yake mallakar mutum. Sanata Barry Goldwater, wanda da yawansu ke girmamawa, ya goyi bayan dokokin haƙƙin 'yan ƙasa na 1957 da 1960, amma ya ƙi ta 1964 saboda sassan da suka shafi masu sana'a. Friedman ma ya soki dokokin hana wariya wajen ɗaukar aiki, yana ganin kasuwa da kanta za ta hori mai wariya, tun da duk wanda ya kori mai ciniki ya kori riba. Masu wannan ra'ayi suna iya kafa hujja da cewa shi kantin na Greensboro ya buɗe teburinsa ga kowa a watan Yuli na 1960, bayan ya tafka hasara, shekara huɗu kafin dokar.

Wasu daga cikinsu kuwa suka ce wannan ganin bai cika ba. A garin da kowane otal da kowane gidan abinci ya rufe wa mutum ƙofa, kuma duk mai kantin da ya kuskura ya buɗe yana tsoron a ƙone masa kanti 'yan sanda na kallo, ina kasuwar take? Baƙar fatar da ke tafiya da iyalinsa daga gari zuwa gari bai sami wurin kwana ba, matsayinsa ɗaya da mazaunin dausayin Hayek, sai dai shi rijiyoyin suna da yawa amma masu su sun haɗa baki. Wannan saɓani bai mutu ba. A babban taron jam'iyyarsu na 2016 Gary Johnson, tsohon gwamnan jihar New Mexico, ya ce da shi ne shugaba da ya sa wa dokar 1964 hannu, sai wasu daga cikin mahalarta suka yi masa ihu. Duk da haka shi aka tsayar takara, ya kuma sami ƙuri'a kusan miliyan 4 da rabi, watau kashi 3 da ɗoriya cikin 100.

Abin Da Kalmar Kanta Ke Faɗi

In aka tattara amsoshin nan, za a ga ma'ana biyu ce ke kokawa. Ta farko tana cewa mutum yana da 'yanci muddin ba wanda ya sa hannu a jikinsa ko dukiyarsa ba da yardarsa ba. Ta biyu tana cewa mutum yana da 'yanci muddin rayuwarsa ba ta rataya ga ganin damar wani ba. Sau da yawa ma'anonin biyu tafiyarsu ɗaya, shi ya sa masu su ke zama jam'iyya guda. A bakin rijiya da ƙofar kanti ne suke rabuwa.

A nan ɗalibin harshe yana da abin cewa. Kalmar 'yanci a Hausa daga ɗa ta fito, shi ya sa a karin harshen yamma ake jin ɗiyauci. Ɗa kuwa a tsohuwar ma'anarsa kishiyar bawa ne. Haka abin yake a Latin, inda sunan Libatariyan ya samo tushe: kalmar da ke nufin mai 'yanci, jam'inta shi ne ke nufin 'ya'yan gida. Ashe a harsunan biyu 'yanci matsayi ne da mutum ke da shi a cikin jama'a. Hayek ya lura da haka, har ya kawo abubuwa huɗu da takardun 'yanta bayi na tsohuwar Girka ke ba wanda aka 'yanta: doka ta san da shi ta kuma kare shi, ba a kama shi haka kawai, yana yin sana'ar da ya so, yana tafiya inda ya ga dama.

Tarihin ƙasar Hausa yana da misalin da ke fayyace bambancin. A zamanin bauta akwai abin da ake kira murgu, watau ubangiji ya bar bawansa ya je ya yi sana'ar kansa, ya riƙa kawo masa wani abu da aka yanka. Irin wannan bawa yana iya yin wata da watanni ba wanda ya daka masa tsawa, yana ciniki, yana tara abin kansa, wataƙila ma ya fi wani ɗa sukuni. Amma ba wanda ya taɓa kiran sa ɗa, domin sakewar tasa aro ce, ranar da mai ita ya so sai ya karɓe. Shi ya sa bayi ke tara kuɗin fansa ko da ubangijinsu mai sauƙin hali ne. Abin da suke saye shi ne fita daga ƙarƙashin ganin damar wani. Wanda ya sayar da kansa bisa yardar Nozick, da wanda ke durƙusa wa mai rijiya bisa yardar Rothbard, dukkansu sun koma inda mai murgu ke neman fita, ko da an nuna musu takardar da suka sa wa hannu. Yardar da aka karɓa daga mai ƙishirwa, gaba kura baya sayaki, sunanta kawai yarda.

Kammalawa

Wannan ba ya nufin gargaɗin Rothbard ya faɗi banza. Ita ma hukuma tana iya zama mai rijiya, har ta fi kowane mai rijiya haɗari, tun da ita ke da kurkuku da bindiga. Wariyar kudancin Amurka da doka aka kafa ta, kuma ɗaukar samari soja dole, wanda Friedman ya yi ta yaƙa har aka daina shi a Amurka a 1973, hukuma ce ke yin sa. Wanda ya gudu daga mai rijiya ya faɗa hannun hukumar da ba ta da linzami, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Amfanin 'yan Libatariyan ga duniya shi ne ba sa gajiya da tambayar hukuma wa ya ba ta izini.

Kuskuren masu tsananin cikinsu shi ne zaton cewa hukuma kaɗai ke iya mayar da ɗa bawa. Yunwa da ƙishirwa da haɗin bakin masu dukiya su ma suna iyawa, ba tare da an ɗaga sanda ba. Shi kansa Nozick, a wani littafi da ya fitar a 1989, ya amsa cewa matsayinsa na da yana da babban giɓi, ko da yake daga baya ya nuna bai fita daga aƙidar ɗungurungum ba. Saboda haka ma'aunin da ya fi dacewa a riƙe, ko a kan hukuma ko a kan attajiri, shi ne wanda mai murgu ya sani tun tuni: a duba ko akwai wani mutum, ko wani ofis, wanda in ya ga dama gobe zai iya hana wani ruwa, ba kuwa inda za a kai ƙara. In akwai shi, to, da sauran fansa.